TSABAR KUƊI KO KATI: DA WANNE MUSULMI ZAI YI CEFANE?



Godiya ta tabbata ga Allah da ya halatta mana kasuwanci, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Wani ɗan uwa da ke karatu a Ingila ya aiko min da tambaya. Ya ce: “Malam, a nan kusan kowa da kati yake sayayya, ko burodi za ka saya sai ka ɗora kati. Banki ya yi min tayin katin bashi, sun ce in na biya kafin wa'adi babu ko kwabo da za a ƙara min. Ya halatta in karɓa?”

Kwana biyu bayan haka, bayan sallar Isha'i, wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce shi fa bai yarda da kuɗin da ba ya gani ba, yaransa sun matsa masa ya riƙa amfani da katin ATM, shi kuma yana jin kamar akwai haram a ciki. Sai na ga tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne, gara a haɗa su a amsa gaba ɗaya. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

KATI BA IRI ƊAYA BA NE

Abu na farko da ya kamata mu gane, ya 'yan uwa, katunan nan kamarsu ɗaya a ido amma hukuncinsu daban.

Akwai katin da yawancinmu ke riƙe da shi a Najeriya, wanda muke kira katin ATM, ko na Verve ne ko Mastercard ko Visa. Wannan katin mabuɗi ne kawai na kuɗinka da ke ajiye a banki. In akwai dubu 20 a asusunka, iyakar abin da za ka iya kashewa kenan. Ranar da suka ƙare, ko ka saka katin sau goma na'ura za ta ce babu. Ba ka ci bashin kowa ba, ba ka yi alkawarin ƙari ga kowa ba. Malaman zamani sun tafi a kan halaccin amfani da shi, kuma ɗan abin da banki ke cira na hidimar katin lada ne na aiki. Don haka Baba, ka kwantar da hankalinka. Kuɗinka ne, hanyar miƙa shi ce kawai ta canza. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, iyayenmu da kwabo da sule da fam, mu muka tashi da naira tun 1973. Shari'a ba ta ɗaure mu a kan siffar kuɗi ba, abin da take dubawa shi ne yardar juna, da gaskiya, da tsira daga riba.

Sannan akwai katin bashi, wanda ɗan uwanmu na Ingila yake tambaya a kai. Shi wannan ko asusunka babu sisi za ka iya sayayya, domin banki ne ke biya maka, kai kuma ka zama mai bashi tun daga lokacin da ka ɗora katin. A Amurka ya samo asali. A 1950 aka fito da katin Diners Club don biyan kuɗin abinci a gidajen cin abinci na birnin New York, a 1958 kuma wani babban banki a jihar Kalifoniya ya fito da katin da daga baya ya zama Visa. Yau ya mamaye ƙasashen Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kuma bankunanmu ma suna tallata shi ga ma'aikata masu albashi.

YADDA TARKON YAKE

Ga yadda abin yake aiki. Banki zai yanka maka iyakar abin da za ka iya ci bashi. Duk wata sai a turo maka lissafin abin da ka kashe, a ba ka 'yan makonni. In ka biya duka kafin ranar, babu ƙari. In ba ka iya ba, sai a ce ba komai, kawo ɗan kaɗan, sauran ya tsallaka wata mai zuwa. To a nan kuɗin ruwa ke fara hawa, kuma ruwan da ya hau shi ma ana lissafa masa ruwa.

Bari mu yi lissafi ƙarami. A ƙaddara ka ci bashin naira dubu 200, kuma ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata. Wata na farko ruwan dubu 6 ne. In ka biya dubu 10, dubu 4 ne kawai suka taɓa uwar kuɗin. Ka ci gaba da biyan dubu 10 duk wata har shekara ta zagayo: ka biya dubu 120 kenan, amma har yanzu ana bin ka kusan dubu 143. Sama da dubu 60 na guminka sun tafi a ruwa, kuma shinkafar da ka saya da bashin an cinye ta tun watan farko.

A Amurka matsakaicin ruwan da ake ɗorawa a kan irin wannan kati ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a 2023 jimillar bashin da ake bin mutanen ƙasar ta hanyar katin ya wuce dala tiriliyan 1. Wannan ya isa ya nuna maka cewa ba kowa ke biya kafin wa'adi ba. Da kowa yana biya a kan lokaci, da babbar ƙofar samun bankin ta toshe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ka dubi ribar Jahiliyya da malaman tafsiri suka siffanta. Mutum yana bin wani bashi, in wa'adi ya yi sai ya ba shi zaɓi: ko ya biya yanzu, ko a ƙara masa lokaci a kuma ƙara masa kuɗi. Ka ajiye wannan kusa da tsarin katin bashi ka faɗa min bambancin. Wannan ribar ce Allah ya hana a Suratu Ali Imrana, ita ce kuma a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi daga gare shi da Manzonsa ga wanda ya ƙi barinta. A hadisin Jabir (RA) da Imamu Muslim ya ruwaito, la'anar ba ta tsaya a kan mai karɓa ba, ta haɗa da mai bayarwa, da marubucin yarjejeniyar, da shaidunta biyu, kuma aka daidaita su a laifi.

“AI NI ZAN BIYA KAFIN WA'ADI”

Wannan ita ce hujjar da kowa ke kawowa, kuma tambaya ce mai ma'ana. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC ta zauna a kan mas'alar a birnin Riyad a shekarar 2000. Matsayar da ta fitar ita ce bai halatta a fitar da katin bashi mai sharaɗin ruwa ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai karɓar ya ƙudurta biya a cikin lokacin da ba a caji. In kuma babu sharaɗin ruwa, kuma abin da ake karɓa kuɗin hidima ne tsayayye wanda ba ya ƙaruwa da yawan bashin ko tsawon lokacinsa, to ya halatta.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, ranar da ka sa hannu ka riga ka amince cewa in ka makara za ka ba da riba, kuma amincewa da sharaɗin haram shi kansa matsala ne tun kafin a kai ga aikatawa. Na biyu, waye ya ba ka tabbacin gobe? Albashi yana makara, rashin lafiya tana zuwa babu sallama, aiki yana tsayawa, mantuwa ma kaɗai ta isa. Duk wanda ka gani yau bashin kati ya shaƙe shi, shi ma ranar da ya karɓa cewa ya yi zai biya kafin wa'adi.

Saboda amanar ilimi, akwai malaman da suka yi rangwame ga wanda ke zaune a ƙasar da wasu buƙatu ba sa yiwuwa sai da wannan katin, kamar hayar mota ko kama ɗaki a wasu wurare, da sharaɗin babu wata hanya kuma zai biya nan take. Amma larura ana auna ta gwargwadonta. Burodi da madara da kayan miya ba su shiga wannan babin ba, tunda katin da ke cira daga kuɗinka yana yin aikin. Don haka amsata ga ɗan uwanmu na Ingila: ka tsaya a kan katin asusunka, ka mayar musu da tayinsu. Wanda ya bar abu saboda Allah ba ya taɓewa.

Mu kuma na gida, alhamdulillah an samu sauƙi. Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin da ba ya mu'amala da ruwa, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Amma ko a irin waɗannan, ka karanta takarda kafin ka sa hannu, abin da ba ka gane ba ka tambaya. Sunan Musulunci a jikin allo ba ya ɗauke maka nauyin bincike.

KATIN BASHIN TALAKA

Kar wani ya ce wannan matsalar masu albashi ce da 'yan ƙasar waje. Namu katin bashin yana cikin waya. Manhajojin ba da rance sun cika gari: ka danna, minti biyar kuɗi sun shigo, babu jingina babu mai tsaya maka. Bayan mako ɗaya ko biyu ka mayar da ƙari mai nauyi. In ka makara, wasunsu sai su bi lambobin da ke wayarka, surukinka da limamin unguwarku da abokan aikinka, suna aika musu saƙon cewa kai macuci ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fito da ƙa'idar yi musu rajista a 2022.

Wallahi na san magidancin da ya ci irin wannan bashi don ragon suna, ya ci na biyu don ya biya na farko, na uku don ya biya na biyu. Kafin yaron ya fara rarrafe ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi. Hukuncin wannan rance ɗaya ne da na katin bashi, riba ce tsagwaronta, ko an kira ta kuɗin hidima ko wani suna mai daɗi.

BASHI BA ABIN WASA BA NE

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, kuma cin bashi don buƙata halal ne. Annabi (SAW) da kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ba da labari a Bukhari. Amma ka lura, abinci ne na larura, bashi ne sananne, da jingina, babu ƙari.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa wa'adi, a kafa shaidu. An taɓa kawo gawar wani sahabi, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin sa bashi, da aka ce e kuma bai bar abin biya ba, sai ya umarci sahabbai su yi masa salla shi ya janye, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A Sahihu Muslim ya tabbata cewa shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Kuma Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa. Da aka tambaye shi dalili, ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari.

To abin da Manzon Allah ke neman tsari daga gare shi, ya za a yi mu mayar da shi hanyar sayen lemo da tsire? Babbar illar katin bashi kenan ko da an cire maganar ruwa: yana cire wa bashi kwarjininsa. Da, in za ka ci bashi sai ka wanke ƙafa ka je wurin mutum, ka ji kunya, ka yi bayani. Wannan kunyar kariya ce. Yanzu kana tsaye a kanti ka ci bashi ba ka ma ji a jikinka ba.

ZAFIN FITAR DA KUƊI

Ko katin ATM da muka ce halal ne, akwai abin lura. In ka zaro 'yan dubu-dubu guda goma ka ƙirga ka miƙa, zuciya tana jin fitarsu, aljihu ya yi sauƙi ka san an rage. In kati ne ko taransfa, lamba ce kawai ta canza a waya. Wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa wani gwaji a 2001. Sun yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, wasu aka ce da tsabar kuɗi za su biya, wasu aka ce da katin bashi. Masu katin sun taya kusan ninki biyu na abin da masu tsabar kuɗi suka taya, a kan tikiti iri ɗaya.

Kai ma ka gwada. Ka buɗe bayanan asusunka na watan jiya ka karanta layi-layi. Dubu 2 nan, dubu 3 da 500 can, data, shawarma, wani abu da ka gani a Instagram ƙarfe ɗaya na dare. Ka haɗa jimilla, sannan ka tuna ranar da Hajiya ta ce a sayo mata magani ka ce a jira ƙarshen wata. A Suratul Furƙan, cikin siffofin bayin Allah na ƙwarai akwai tsaka-tsaki wajen ciyarwa, babu almubazzaranci babu ƙwauro. Kuma ranar Ƙiyama tambaya biyu ce a kan dukiya, ta ina ta shigo, ta ina ta fita. Wanda bai iya amsa ta biyun ga kansa a duniya ba, ya zai yi a can?

TSABAR KUƊI MA TANA DA NATA

Kar a fahimce ni cewa takardar kuɗi ita ce taƙawa. Ba mu manta farkon 2023 ba, bayan da Babban Banki ya canza fasalin naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin aka janye, sababbin suka yi wuya, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Mutane sun kwana a layin ATM, mai tumatir ta rasa ciniki, mai kuɗi a banki ya rasa na mota. A lokacin mun ga Musulmi yana sayar wa ɗan uwansa naira da naira, tura dubu 10 a ba ka dubu 8. Takardar kuɗi a wurin malaman zamani hukuncin zinare da azurfa take ɗauka, kuma hadisin Ubada bin Samit (RA) ya shar'anta cewa in jinsi ɗaya ne sai daidai da daidai, hannu da hannu. Ɗan ladan da mai POS ke karɓa bisa al'ada, malamai da yawa sun ɗauke shi ladan hidima ne, domin yana da shago da na'ura da wahalar zuwa banki. Amma mayar da ƙuncin jama'a kasuwa, ana tsuga musu farashi don sun rasa mafita, wannan ko an kauce wa sunan riba ba a kauce wa zalunci ba.

Saboda wannan ƙa'idar ta hannu da hannu, waccan majalisa ta kuma hana sayen zinare da azurfa da kuɗin ƙasashen waje da katin bashi. 'Yan uwa mata masu sayen gwal da masu zuwa wurin 'yan canji, a kula: a tabbatar kuɗi sun shiga, kaya sun zo hannu, kafin a rabu.

Sannan ga amana. Wanda ya nuna wa mai shago alat na ƙarya ya ɗauki kaya ɓarawo ne, ko da ya sa hula da carbi. In ka yi taransfa ka tafi da kaya, da dare kuɗin suka dawo asusunka saboda matsalar sabis, ba rabo ba ne, haƙƙin mai kaya ne, ka koma ka biya. In wani ya yi kuskuren lamba kuɗinsa suka faɗo maka, ka nemi hanyar mayarwa ta banki. Kai kuma ɗan kasuwa, in an cire wa mutum kuɗi na'urarka ba ta nuna ba, ku rubuta, ku karɓi lambar juna, ku yi wa juna uzuri.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne sadaka. Da, canjin da ya rage a aljihu shi ke zuwa hannun almajiri, da makaho a bakin titi, da asusun masallaci ranar Juma'a, da yaron maƙwabta da ya gaishe ka. Yanzu amsar ta zama “wallahi babu kash a jikina.” Mu mun samu sauƙi, su kuma an rufe musu ƙofa. Ka riƙa ware 'yan canji musamman saboda wannan. Kuma kar ka manta, kuɗin da ke kwance a asusu in sun kai nisabi shekara ta zagayo, zakka ta hau kansu kamar na cikin akwati.

A TAƘAICE

1. Tsabar kuɗi, katin ATM da taransfa duk halal ne, ka zaɓi wanda ya fi tsare maka dukiya da amana.

2. Katin bashi mai sharaɗin ruwa da rancen manhajar waya mai ƙari, ka nisance su.

3. In kai mai sakin hannu ne, ka ciri kuɗin cefanen mako a hannu ka ba uwargida ko ka ware su daban. In sun ƙare sun ƙare. Iya kuɗinka iya shagalinka.

4. In ka riga ka faɗa, kar ka yanke ƙauna. Ka tuba, ka daina ƙara sabon bashi daga yau, ka fara da biyan wanda ruwansa ya fi gudu, ka rufe katin, ka goge manhajar. In da abin sayarwa ka sayar, in da ɗan uwa mai hali ka faɗa masa gaskiya.

5. Ka rubuta duk bashin da ake bin ka, ka sanar da wani amintacce a gidanka. Mutuwa ba ta jiran ƙarshen wata.

6. Masu hali, ku raya sunnar ba da rance saboda Allah. Yawancin waɗanda suka tafi wurin masu ruwa sai da suka fara ƙwanƙwasa ƙofarmu muka ce babu.

Allah ya wadata mu da halal ɗinsa ya kare mu daga haram. Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya sa mu bar duniya babu haƙƙin kowa a wuyanmu.

Wallahu a'alam.